Takalmin shiga ruwa da safar hannu: yadda za su bushe ba su cika gida da wari ba

Duk wanda ya zo ƙasar sanyi ya fara shiga ruwa, ko don ninƙaya a teku da tafki, ko don aiki ya kai shi gonar kifi, ba a daɗewa za a ce ya nemi rigar robar nan mai matse jiki, tare da takalminta da safar hannunta. Dole ce ta sa. Tekun da ke kewaye da Birtaniya yakan sauka ƙasa da digiri 10 a watan Fabrairu da Maris, ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan yadda iska ke yi. Mai kanti zai zaɓa maka kaurin da ya dace, milimita 3 ko 5 ko 7, ya karɓi kuɗinsa. Maganar busarwa, wannan ta rage gare ka.

Rigar ba ta da wuyar sha'ani, ka juya ta ka rataye, ta bushe. Takalmin da safar su ne 'yan rigima.

Ni da kaina sai da na sha. Wata Asabar na fito daga ruwa haƙorana na kaɗawa, na tuɓe takalmin na cusa a leda, na ƙulle bakinta, na jefa a bayan mota. Ban tuna da shi ba sai Talata. Da na kwance ledar a kicin, wanda muke haya tare bai ce mini uffan ba, tashi kawai ya yi ya wangale taga, ana tsakiyar hunturu. Don kunya na wanke shi na ɗora a kan hitar bango ya kwana biyu. Waje ya bushe ƙayau, cikin yatsu na nan jagab, gam ɗin tafin kuma ya fara saki ta gefen diddige. Na yi asara biyu ke nan a mako guda.

Sai mutum ya san da me aka yi kayan kafin ya gane inda na yi kuskure. Sunan robar niyofirin, kamfanin DuPont ne ya ƙirƙiro ta a Amurka a 1930, aka fara ɗinka rigar shiga ruwa da ita a Kalifoniya a farkon shekarun 1950. Cikinta ƙananan kumfar iska ne rufaffu, su ke riƙe ɗumi. Ruwa ba ya ratsa ta, iska ma ba ta ratsa ta. Saboda haka laimar da ta shiga takalmi ba ta da mafita sai ta bakin da ƙafa ta shiga, can ƙuryar yatsu kuwa iska ba ta kaiwa. Zafi mai yawa yana sa robar ta ƙanƙance ta yi tauri, yana kashe gam ɗin da aka haɗa ɗinki da shi. Hasken rana kai tsaye ma yana cin ta a hankali har ta fara tsatstsagewa. Ke nan hitar bango, injin busar da tufafi, bakin murhu, duk ka yafe su.

Warin kuma daga jikinka ya samo asali. Ƙafafun mutum suna da ƙofofin gumi kusan 250,000, kuma suna gumi ko a cikin ruwan sanyi. Gumi da maiƙon fata da matacciyar fata suna maƙalewa a yadin da aka shimfiɗa a cikin takalmin, ƙwayoyin bakteriya su samu abinci da laima da duhu, su yi ta hayayyafa. Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba: sanyin ruwa yana sa mutum jin fitsari, wasu kuma suna sakinsa a cikin rigar, ya gangara ya taru a takalmi. Idan akwai hali, a zaga kafin a shiga.

Wanda ya taso inda rana ke busar da wanki kafin la'asar, hankalinsa kan tafi ga zafi. A nan iska mai motsi za ka nema. Fanka ƙarama ta tebur ta fi kowace hita amfani a wannan aiki.

Da ka dawo gida, kafin ka zauna, ɗauraye takalmin da safar da ruwan famfo mai sanyi ko mai ɗan ɗumi. Cika takalmin, toshe bakinsa da tafin hannu, ka jijjiga, ka zubar, ka maimaita sau uku. Gishirin teku idan ya bushe a jikin kaya yana jawo laima daga iska, shi ya sa takalmin da ba a ɗauraye ba kullum yake damshi-damshi. Kada ka murɗe su kamar tsumma, ɗinkin zai buɗe. Matsa daga yatsu zuwa baki, sannan ka tura busasshen tawul ciki har ƙurya, ka taka da ƙafa. Za ka yi mamakin ruwan da tawul ɗin zai kwaso.

Daga nan ka naɗe wuyan takalmin waje iya inda zai yarda. Mai taushin tafi yakan juyu kusan duka, mai taurin tafi kada ka tilasta masa. Kife shi a kan wani abu da zai buɗe bakinsa, kamar sanda a tsaye ko kwalba marar faɗi, yadda sauran ruwan zai ɗiga. Bayan awa ɗaya ko biyu sai ka kwantar da shi, bakin yana kallon fanka. Wannan juyin yana da muhimmanci, domin kwalbar da ta taimaka wajen tsanewa ita ce kuma za ta toshe hanyar iska idan ka bar ta ta kwana.

Tsohuwar jarida ma tana aiki, amma da sharaɗi. Ka dunƙule ta sako-sako ka tura har yatsu, bayan kamar awa biyu ka zaro ka sa wata. Idan ka manta ta kwana a ciki, ka dai ƙara wa takalmin jiƙaƙƙen abu ne. Masu shiga ruwa kullum sukan sayi na'urar busar da takalmi mai bututu biyu da ke hura iska ciki. Tana da kyau matuƙar za ka sa ta a kan iska zalla ko ɗumi mafi ƙanƙanta.

Safar hannu aikinta ya fi sauƙi amma tana son haƙuri. Juya ta gaba ɗaya, ka turo kowane yatsa da gindin cokalin katako, ban da abu mai tsini, ban da farce. Ciki ya fara bushewa, sannan ka mayar da ita daidai waje ya bushe. Ka maƙale ta ta bakin wuyan hannu, kada ka danne yatsun da abin shanya.

Idan warin ya riga ya kama, turare ba zai yi maganinsa ba, sai ma ya haɗu da shi su ba da wani sabon abu. Ka jiƙa su a bokiti da sabulun wankin niyofirin da ake sayarwa a kantunan kayan ruwa, ko sabulun wankan jarirai kaɗan. Farin khal, wato binega, shi ma yana yi, kofi ɗaya a bokitin ruwa, kamar rabin awa, sannan ka ɗauraye sosai. Bilic kuwa kada ya kusance su, yana cin robar. Bayan sun bushe sarai kana iya barbaɗa garin bekin soda ciki ya kwana, ka kakkaɓe da safe. In kuma tsakanin yatsun ƙafarka ya fara ƙaiƙayi yana saɓulewa, ka je kantin magani a ba ka man shafawa, ka yi maganin ƙafa da takalmi lokaci guda, in ba haka ba ɗaya zai yi ta mayar wa ɗaya.

A ina za a shanya? Banɗaki ya fi, idan yana da fankar zuƙar iska, ka kunna ta ka ja ƙofa. Ɗakin kwana mai rufaffiyar taga shi ne mafi muni, don laimar da ta fita daga kayan bango za ta koma, fumfuna ta fito baƙi-baƙi a kusurwa, ranar tashi kuma mai gida ya zaftare maka kuɗin ajiya. Na'urar tsotse laima a ɗan ƙaramin ɗaki tana busar da su cikin dare ɗaya.

Masu shiga tafki da kogi a Birtaniya su lura da wani abu: hukumomin muhalli suna neman a duba kaya, a wanke, a bar su su bushe na aƙalla awa 48 kafin a kai su wani ruwan, saboda ƙananan halittu masu ɓarna suna rayuwa kwanaki a cikin jiƙaƙƙen takalmi. Wanda ke shiga ruwa kullum ba zai iya cika wannan da takalmi ɗaya ba. Ni yanzu biyu nake da su, ɗaya a ƙafa, ɗaya a gaban fanka, ledar nan kuma na musanya ta da jakar raga.