Tattakin kwanaki a Birtaniya: ina za ka nufa in sanyi ya shigo?

Wanda ya iso Birtaniya a watan Satumba don karatu ko aiki, kafin ya gama sanin hanyar kasuwa abokai sun fara yi masa maganar goya jaka a shiga daji a kwana biyu ko uku. Abu ne mai daɗi, kuma ba ya cin kuɗi sosai. Amma ɗan'uwa, kada ka zaɓi wuri don hotonsa ya burge ka a Instagram. Fara tambayar kanka awa nawa rana za ta ba ka, kuma in abu ya ɓaci ta ina za ka fita ka kama jirgin ƙasa.

Mu da muka saba da rana mai faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, nan ake shammatar mu. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. A Disamba, a Glasgow, sai kusan tara saura kwata rana ke fitowa, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Awa bakwai ke nan, a cikinsu za ka naɗe tanti, ka yi tafiya, ka yi azahar da la'asar, ka sake kafa tantin. Na taɓa kafa nawa da tocila a baki, yatsu sun ƙage har igiya ta gagare ni ɗaurewa. Tun ranar na daina tsara tafiyar da ta wuce kilomita 15 a yini a lokacin sanyi.

Sanyin ma ba irin na hunturun gida ba ne, mai busar da leɓe. Wannan jiƙaƙƙe ne, da iska. Rigar auduga in ta sha gumi sai ta zama maƙiyiyarka, don haka ka bar ta a gida. Ka kuma koyi hukuncin shafa a kan huffi tun kafin ka fita, domin wanke ƙafa a rafin Nuwamba ba wasa ba ne.

In a Oktoba ne, Sikotilan ta fi. Ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke addabar mutane da bazara sun ɓace, cunkoso ya ragu. Hanyar tattaki ta West Highland Way, mai kilomita 154 daga Milngavie zuwa Fort William, tana da alamomi ko'ina, kuma jirgin ƙasa na tsayawa a Crianlarich da Tyndrum da Bridge of Orchy, saboda haka kana iya yanko kwana uku kawai. Wata doka ta shekarar 2003 ta halatta kafa tanti a yawancin filayen Sikotilan muddin ba ka bar shara ba, ƙa'idar da ke taƙaita hakan a bakin tafkin Loch Lomond kuwa daga Maris zuwa ƙarshen Satumba take aiki. Akwai kuma ɗakunan dutse a cikin daji da ake kira bothy, a buɗe suke, kyauta, sai dai babu wutar lantarki babu famfo, wani lokaci ka tarar an riga ka.

Daga Nuwamba, ni dai shawarata ka gangara kudu. Hanyar South Downs Way ta kudancin Ingila, kilomita 160 daga Winchester zuwa Eastbourne, tudunta mafi tsawo bai kai mita 300 ba, ga ƙauyuka kusa, ga tashar jirgi a Amberley da Southease a kan hanyar. Ƙasar alli ce, tana da santsi bayan ruwa. Amma a Ingila ba a kafa tanti sai da izinin mai fili, in ban da wasu sassan gandun Dartmoor, kuma sansanonin kafa tanti da yawa na rufewa da sanyi. Buga musu waya tukuna.

Dutsen Ben Nevis da tsaunukan Cairngorms na Sikotilan kuwa, bar su sai ka samu horo. Da sanyi, aikin masu gatarin ƙanƙara ne.

Daren da za ka fita, duba hasashen yanayin tsaunuka na Met Office, wato hukumar yanayi ta Birtaniya, ka sa taswirar takarda ta hukumar taswira Ordnance Survey a jaka, don sanyi na shanye batirin waya. Ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi da ranar dawowa. In an shiga matsala, 999 za ka kira, ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce masu ceton kan dutse kake buƙata.