Yadda ake haɗa gajeren bidiyo kan sauro don mutanen unguwa

Da zarar damina ta kankama, sai guruf-guruf na WhatsApp su cika da bayanai kan zazzaɓi. Wannan ya ce ɗanyen mangwaro ke kawo shi, wancan ya ce yawon rana ne. Alhali Najeriya kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yara ’yan ƙasa da shekara 5 ne suka fi rasa rayukansu. Duk mai waya da kyamara zai iya taimakawa, amma da sharaɗi: ya nuna wa mutane abin da ke tsakar gidansu, kuma ya faɗi daidai.

Matakin farko shi ne ka san sauron da za ka yi magana a kai, domin ba iri ɗaya ba ne. Mai kawo maleriya shi ne Anofilis, kuma macen ce kawai ke cizo, don tana buƙatar jini kafin ƙwanta ya nuna. Namiji ruwan fure yake sha. In ta sauka a bango za ka ga ta kifa kai ta ɗaga baya sama, tana kuma farauta ne daga magariba zuwa asuba. Kuleks, mai yawan kuka a kunne, shi ke hayayyafa a kwata da ruwan shadda. Akwai kuma Edis, baƙi mai ratsin fari a ƙafafu, mai cizo da rana, wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, yana son ruwan da ya taru a tsohuwar taya da gwangwani. Wannan bambancin yana da muhimmanci. Mutane da yawa sun ɗauka yashe lambatu kaɗai ya isa, amma Anofilis ta fi son ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa: kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini, sawun kofaton shanu, fadamar shinkafa.

Na biyu, ka fita neman tsutsar sauro, wato ’ya’yansa da ke cikin ruwa. Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a ganina shi ya fi kowane dogon jawabi tasiri. Ɗauki farin ludayi ko farin kofin roba, ka je bakin ruwan da ya yi kwanaki a kwance. Kada inuwarka ta faɗa kansa, don tsutsar nutsewa take yi nan take. Ka ɗebo daga sama a hankali, ka ajiye kofin ya lafa. Tsutsar Anofilis tana kwanciya ne a miƙe a saman ruwa, ta Kuleks da ta Edis kuwa rataye suke kai ƙasa, suna shaƙar iska ta wani ɗan bututu a wutsiya. Za ka iya ganin wasu masu babban kai da suka lanƙwashe kamar waƙafi, suna tsalle-tsalle: waɗannan saura kwana ɗaya ko biyu su tashi. A yanayin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike bai fi kwana 7 zuwa 14 ba. Kada ka manta da leƙa tanki da duron gida. A 2020 an gano wani nau’in Anofilis mai suna Anopheles stephensi a Jihar Gombe, asalinsa daga Asiya, kuma shi a ma’ajiyar ruwa ta cikin gari yake hayayyafa.

Na uku, ɗaukar hoton. Ka goge gilashin kyamara, ka ajiye kofin inda haske yake, ka jingina hannu da wani abu don kada ya yi rawa. Ka fara da tsutsar tana motsi, ba da fuskarka ba. Kada ka nuna ƙofar gidan wani ko fuskar yaro sai da izini. In ka gama, ka zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa.

Na huɗu, maganar. Bidiyo ɗaya, saƙo ɗaya, aiki ɗaya, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, don data tsada gare ta. Ka yi da murya, saboda da yawa daga iyayenmu mata sun fi sauraro a kan karatu. Misali: “Salamu alaikum. Wannan da kuke gani ’ya’yan sauro ne, daga cikin duron bayan gida na ɗebo su. Nan da mako guda za su tashi. Ku rufe duro, ku juye randa ku goge ta kowane mako.” Shi ke nan. Gidan sauro ya samu nasa bidiyon daban: a baza sabo a inuwa na awa 24 kafin a ɗaura, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a ɗinke huda, a wanke da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa. Haka ma maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana bai wa yara ’yan wata 3 zuwa 59: a tuna wa iyaye cewa na kwana uku ne a kowane zagaye, ba na ranar farko kaɗai ba.

Na biyar, kafin ka tura, ka nuna wa wata ma’aikaciyar lafiya ko jami’in duba-gari na yankinku. Duk adadin da ba ka san tushensa ba, ka cire shi.

Na shida, lokaci. Farkon damina ne ya fi, kafin zazzaɓin ya yi yawa. Ranar 25 ga Afrilu ita ce Ranar Maleriya ta Duniya, 20 ga Agusta kuma Ranar Sauro, don tunawa da ranar da Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro a Indiya a 1897. Ka sa a Facebook da TikTok, amma ka fi mai da hankali kan guruf na unguwa, na Islamiyya da na dangi, inda aka san ka.

Bayan ka tura, tambayoyi za su biyo baya, kuma nan ne ake buƙatar haƙuri. Wanda ya kawo maganar mangwaro, kada ka kunyata shi a gaban jama’a, ka ce masa damina ce ke tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki. Wanda ya ba da shawarar yayyafa fiya-fiya a ɗakin da yara ke kwana, ka gaya masa kai tsaye cewa guba ce. In kuma wata ta rubuto cewa jikin ɗanta ya yi zafi, kada ka rubuta mata sunan magani. Ka ce ta kai shi a yi gwajin jini, wanda ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20. In yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ta tafi asibiti a daren, kada ta jira gari ya waye.