Yadda Ake Sarrafa Habbatus Sauda da Hulba da 'Ya'yan Zogale Don Magani a Gida

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan ƙamshi a Kasuwar Kurmi, ko ya leƙa shagunan magungunan Musulunci da suka cika unguwannin birnin Kano, zai tarar da habbatus sauda da hulba da 'ya'yan zogale jibge a buhuna da kwalabe, kowanne da jerin cututtukan da ake cewa yana warkarwa. Akwai gaskiya a cikin batun, domin tsiro yana tara mai da sinadaran kare kai a cikin ƙwayarsa. Maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar, akwai 'ya'yan masoro da kanumfari da ganyen dawa a cikin haɗinsa. Sai dai masu bincike suna aiki ne da awo da tsafta da gwaji, kuma waɗannan ukun su ne abin da mai aikin gida ya fi sakaci da su.

Aikin yana farawa tun daga kasuwa. A sayi ƙwaya ɗungurungum, a guji garin da aka riga aka niƙa, domin a cikin gari ne algus ya fi ɓuya. A ɗebi kaɗan a tafin hannu a murza a sansana. Habbatus sauda mai kyau baƙa ce wuluk, mai kusurwa, kuma idan an tauna ta tana da ɗaci da ɗan yaji, ita kuwa hulba ruwan ɗorawa ce mai tauri. Idan aka ji warin danshi, ko aka ga ƙwayoyin sun dunƙule, ko an ga alamar fumfuna, to a haƙura da wannan buhun komai arharsa. Fumfunar da ke kama hatsi da gyaɗa tana iya haifar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta sannu a hankali, kuma suya ko tafasawa ba sa kawar da ita. Haɗarin ya fi yawa a kayan da suka kwana a rumbu lokacin damina.

Da an iso gida, a bakace a faifai, a tsince tsakuwa, a ɗauraye da sauri ba tare da an bar ƙwayar ta sha ruwa ba, sannan a baza ta a kan tsaftataccen ƙyalle a inuwa mai iska har ta bushe ƙayau. Da hunturu a rufe ta da wani siririn ƙyalle saboda ƙura.

Hulba ce mafi sauƙi, domin jiƙo kawai take buƙata. A zuba cokalin shayi ɗaya a kofin ruwan da aka tafasa ya huce, a rufe ya kwana. Da safe za a ga ƙwayoyin sun kumbura, ruwan ya yi yauƙi, kuma wannan yauƙin shi ne ke rage saurin shigar sukari cikin jini bayan cin abinci. A sha a ranar, domin a zafin Kano jiƙo ba ya daɗewa bai yi tsami ba. Idan gumi ko fitsari ya ɗauki warin hulba, ba abin tsoro ba ne. Abin tsoron shi ne mai ciwon sukari ya haɗa ta da maganin asibiti ba da sanin likita ba, sukarinsa ya faɗi ƙasa, ko kuma ya ajiye maganin gaba ɗaya ya dogara da ita. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su tsaya a ɗan abin da ake sakawa a abinci.

Habbatus sauda ita ce ke buƙatar natsuwa. Darajarta a wurin Musulmi sananniya ce tun da hadisi ingantacce ya ambace ta, kuma masana sun gano cewa babban sinadarinta, taimokwinon, yana cikin sashen mai ne da ke tashi cikin iska, wanda zafi da haske ke raunanawa. Wannan ne ya sa hanyar da mata suka saba fitar da man gyaɗa, wato a soya a niƙa a yi ta juyawa da ruwan zafi har tunkuza ta saki mai, ba ta dace da ita ba, ko da yake tana aiki sosai ga riɗi. A ganina, wanda ba shi da ƙaramin injin matsa mai ba tare da wuta ba, ya fi masa alheri ya daka ƙwayar a busasshen turmi, gwargwadon abin da zai ishe shi mako guda, ya adana garin a kwalba mai duhu da murfi mai ƙarfi, nesa da murhu da taga. Yawancin gwaje-gwajen da aka yi a kan manya sun yi amfani da giram 1 zuwa 3 a rana, wato daga rabin cokalin shayi zuwa cokali guda, kuma tasirin da aka gani a kan hawan jini da sukari ɗan matsakaici ne, bai kai a ce ya maye gurbin magani ba. Ana iya cakuɗa garin da zuma, amma kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan. Wanda ya zaɓi sayen man kuwa, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ya kuma sani cewa lambar tana nuna an duba amincin kayan ne, ba ta tabbatar da duk cututtukan da aka jera a jikin kwalbar ba. Man da ya fara maƙaƙi a maƙogwaro da warin tsufa ya lalace, a zubar.

'Ya'yan zogale kuwa, amfaninsu da aka fi tabbatarwa shi ne gyaran ruwan sha, abin da ya shafi duk gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. A zaɓi waɗanda suka bushe a kan bishiya, a ɓare ɓawon, a daka farar ƙwayar ta yi laushi. Ƙwaya ɗaya tana isar lita ɗaya ta ruwa mai ɗan gurɓata. A dama garin da ruwa kaɗan, a juye a bokiti, a juya da ƙarfi na minti ɗaya, sannan a hankali na kamar minti 5 zuwa 10, a bar shi ya natsu awa ɗaya ko biyu. Furotin ɗin da ke cikin ƙwayar yana kama laka da datti ya ja su ƙasa, har a ga saman ruwan ya yi garau. A tsiyaye ta cikin ƙyalle, sannan a tafasa, domin zogalen ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Masu tauna 'ya'yan barkatai kuma su sani cewa yawansu yana kawo gudawa.

Akwai 'ya'yan da bai kamata a gwada wannan aiki a kansu a gida ba ko da wasa. Zurman yana ɗauke da gubar risin, wadda ke zama a cikin tunkuzarsa bayan an fitar da mai, kuma ƙwayoyi kaɗan da aka tauna suna iya kashe yaro. Idon zakara, mai ja da ɗigon baƙi, wanda yara ke tsinta don kyansa, gubarsa ta fi wannan ƙarfi. Bini-da-zugu yana sa amai da gudawa mai tsanani, zaƙami kuma yana gusar da hankali ya hargitsa bugun zuciya. Idan yaro ya haɗiye ɗaya daga cikinsu, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada kuma a jira alamu, domin na zurman da idon zakara suna iya ɗaukar sa'o'i kafin su bayyana. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, a riƙe ragowar ƙwayar ko reshen tsiron don likita ya ga ainihin abin da ya ci.