Yadda ake sanyaya ƙaramar tirelar kwana da kilima ta taga

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, ƙaramar tirelar kwana da ake ja da mota zuwa aikin daji takan zama kamar tanda tun kafin azahar. Kilima ta taga, wato mai jiki ɗaya, ita ce mafi sauƙin kuɗi wajen maganin wannan zafi, sai dai na ga mutane da dama sun saka ta sun dawo suna cewa ba ta sanyi, alhali matsalar tana wajen ɗorawa.

Kafin a biya kuɗi, a karanta takardar da ke manne a jikinta. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, volt 220 ce, saboda haka masu volt 115 da aka ƙera don kasuwar Amurka ba su dace ba, komai rangwamen da mai gwanjo ya yi. Tirela mai tsawon mita 3 zuwa 4, kilima mai ƙarfin doki ɗaya ta ishe ta, wato kusan BTU 9,000 a ma'aunin ƙarfin sanyayawa. A nemi mai alamar T3, wadda aka gina don ta jure zafi har digiri 52, domin mai T1 iyakarta 43. Idan a kwance aka kawo ta, a bar ta a zaune yini guda kafin a kunna, don man kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ya koma mazauninsa.

Bangon tirela siriri ne, ba zai ɗauki nauyin kusan kilo 30 ba. A zaɓi bangon baya, a yanka tsakanin ƙarafan da ke riƙe da jikin ba tare da an taɓa ko ɗaya ba, sannan mai walda ya haɗa mazauni da ƙarfe mai kusurwa. A kasuwar Katako ta Yamai ana samun ragowar irin wannan ƙarfe da araha.

A nan ne aikina na farko ya lalace. Don kada ta yi tsini a waje, na tura ta ciki sosai, na sa aka kewaye ta da akwatin katako, bayanta kaɗai ke leƙe. Takan yi sanyi na ɗan lokaci, sai kwamfuresa ta ɗauke, fanka ta ci gaba da hura iska mai ɗumi. Na ɗauka gas ne ya ƙare. Da mai gyaran firji ya zo, bai ma buɗe ta ba, tafin hannunsa kawai ya ɗora a kan katakon ya ce, “Malam, ai ka toshe mata hanci.” Ramukan nan da ke gefenta biyu, ta nan take jawo iskar waje ta bi da ita ta cikin bututan da ke ɗauke da zafin ɗaki, sannan ta fitar ta baya. Idan ramukan suna cikin akwati, zafin da ta fitar shi take sake shaƙa, har kwamfuresa ta yi zafi ta kashe kanta. Idan kuma suna cikin tirela, iskar da ta sanyaya ce take zubarwa waje. Dole ne dukan ramukan su kasance a waje, da sarari na aƙalla taƙi guda a kowane gefe. Bayan an kunna, a kusantar da ƴar leda ga ramukan: idan ta manne, iska na shiga yadda ya kamata.

Mafitar da na fi yarda da ita ita ce mazauni mai zamewa kamar aljihun tebur, a jawo na'urar waje idan an yada zango, a mayar da ita ciki a ƙulle da sakata idan za a kama hanya, musamman hanyar burji. A karkata ta baya da kamar santimita 1 domin ruwanta ya ɗiga waje, in ba haka ba da damina daɓen katako zai ruɓe. A cike gefuna da soso mai kauri.

Sai batun wuta. Tana cin kusan watt 900 idan tana aiki, amma lokacin tashi takan ja ninki uku ko fiye, don haka janareta ƙasa da kVA 2.5 wahala kawai zai sha. A yi amfani da waya mai kaurin 2.5 mm², kuma a ajiye janareta nesa da tirela, a ɓangaren da iska ke kwashe hayaƙin, domin hayaƙinsa yana kashe mai barci. Idan wuta ta ɗauke, a jira minti 3 kafin a sake kunnawa. A tsaya ƙarƙashin dogon yaro ko a kafa rumfar zana a saman rufin, kuma da hunturu a wanke matatar ƙura duk mako.