Yadda za ka tsare sunan shafinka na intanet kafin rai ya yi halinsa

Sunan shafin intanet, wato adireshin da ke ƙarewa da .com ko .cm ko .td, haya ce ake biya shekara-shekara, kuma ranar da aka daina biya sai ya fara sulalewa daga hannun mai shi. Na ga haka da idona a Garwa ta ƙasar Kamaru, inda wani mai sayar da kayan gyaran babura ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar sunan shafinsa rubuce a allon shago da kan kowane rasit, amma babu wanda ya san inda ake biyan kuɗinsa. Saƙonnin tunatarwa suna ta shiga imel ɗin marigayin, wayarsa kuwa tana kulle cikin akwati. Kafin 'ya'yansa su waiwayi maganar wani ya riga ya yi rajistar sunan, adireshin imel ɗin da masu aiko musu da kaya daga Duwala suka sani shi ma ya tafi, tunda da sunan shafin yake ƙarewa.

Lissafin kwanakin ne ya fi tayar mini da hankali. Idan wa'adin suna mai .com ya cika, kamfanin rajista, wato wanda ake biyan kuɗin sunan a wurinsa, yakan ɗaga ƙafa na kwanakin da ba su wuce 45 ba, sannan a shiga kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sai kwana 5 na ƙarshe kafin a sake shi ga duk wanda ya riga. Duka-duka kwana 80 ke nan, alhali takaba wata huɗu ce da kwana goma, rabon gado kuma sau da yawa yakan wuce haka. Idan wa'adin ya faɗo kusa da rasuwa, sunan zai iya tafiya tun matar marigayin ba ta fita takaba ba. Sunayen .cm na Kamaru, da hukumar gwamnati mai suna ANTIC ke kula da su, da na .td na Chadi, suna da nasu ƙa'idojin, don haka sai ka tambayi wanda ya yi maka rajista kwanakin da ake bayarwa.

Abin da za ka fara yi shi ne ka duba da sunan wa aka yi rajistar. Da yawa daga cikinmu yaron da ya gina mana shafin ne ya sa sunansa da imel ɗinsa, ba da mugun nufi ba, amma a idon kamfanin rajista shi ne mai suna. Ka sa a mayar da shi sunanka, ko sunan kamfaninku idan kuna da takardun kamfani, wanda a ganina ya fi kwanciyar hankali.

Bayan haka ka biya shekaru da yawa a lokaci ɗaya, domin ana iya biyan .com har na shekara 10. Kada ka dogara da sabuntawa ta kai tsaye daga katin banki, saboda kati yana da ranar ƙarewa, banki kuma yakan rufe asusu da zarar ya samu labarin rasuwa. Imel ɗin da ka ba kamfanin rajista kada ya kasance na wannan sunan ne, domin idan sunan ya tsaya saƙon gargaɗin ma ba zai iso ba. Idan Gmail ne, Google yana da tsarin da za ka zaɓi amintattu har 10 waɗanda za a sanar idan asusun ya yi shiru na watannin da ka ƙayyade. Layin wayar da lambar sirri ke shigowa shi ma a kula da shi, tunda layin da aka daɗe ba a amfani da shi ana iya ba wani.

Sai ka ɗauki takarda ka rubuta sunan shafin, da kamfanin rajista, da ranar cikar wa'adi, da imel da layin da aka haɗa, ka ajiye tare da takardun gida da na fili. Kalmar sirri kuwa a rufe ta daban cikin ambulan a hannun wasiyyi, a kuma sauya takardar duk lokacin da ka sauya ta. Ka faɗa wa iyalinka da baki a gaban shaidu biyu, ka kuma bayyana cewa sunan yana cikin dukiyar da za a yi wa kuɗi ranar rabo, domin malamin da zai raba gado ba zai lissafa abin da ba a nuna masa ba.

Magada kuwa, ku fara biyan kuɗin shekara ɗaya tun kafin a zauna maganar wa zai riƙe. Daga nan ku nemi takardar shaidar rasuwa daga ofishin magajin gari, da hukuncin kotu mai tabbatar da magada, da katin shaidar wanda aka wakilta, ku aika wa kamfanin rajista ku nemi a sauya sunan mai shi, kuma kada ku bari a yanke layin wayar marigayin sai an kammala.