Yadda ake mayar da wayar Android kan manhajojin 'yanci ba tare da an rasa lambobi ba

Duk wanda ya kawo mini wayarsa ya ce yana so a raba ta da manhajojin da ke kwasar bayanansa, tambaya ɗaya nake fara yi masa: ka san fasuwod ɗin Gmail ɗin da ke kan wayar nan? Mafi yawa sai su yi shiru, daga nan su ce ai mai shagon da suka sayi wayar ne ya buɗe musu. To idan amsarka ke nan, kada ka taɓa komai tukuna. A nan ne na ga mutane suna faɗuwa, ni ma a nan na faɗi, shi ya sa rabin wannan bayani a kansa zai ƙare.

Manhajar 'yanci ba tana nufin ta kyauta ba, don Play Store cike yake da na kyauta waɗanda kai ne hajarsu. Ma'anar ita ce wadda Richard Stallman ya kafa tun da ya fara aikin GNU, wato tsarin kwamfuta na 'yanci, a 1983 a Amurka: kana da damar amfani da manhajar yadda ka ga dama, ka duba yadda aka rubuta ta, ka gyara, ka ba wani. Kai da ni wataƙila ba za mu zauna karanta rubutun cikinta ba, amma tunda a buɗe yake, akwai masu karantawa, kuma da wuya a ɓoye ɓarna a inda kowa ke gani. Wanda bai ga amfanin wannan ba ya tuna manhajojin ba da bashi da suka riƙa kwashe lambobin mutane suna tura wa surukai da abokan aiki saƙon tozarci, har sai da Google ya hana irinsu taɓa lambobi da hotuna a ƙarshen watan Mayun 2023. Izini ɗaya da aka danna ba a karanta ba ne ya jawo duk wannan.

Ba zan yi maganar sauya wa waya tsarinta gaba ɗaya ba. Cikin irin waɗannan tsare-tsare, GrapheneOS wayoyin Pixel yake hawa, LineageOS kuma yana da jerin wayoyinsa, kuma Tecno da Infinix da itel da ke aljihun yawancinmu ba nan suka fi ƙarfi ba. Kada kuma ka bari wani ya ce zai yi maka rutin, wato buɗe makullin tsarin wayar, manhajar bankinka za ta iya ƙin buɗewa. Da wayarka yadda take za mu yi aiki.

Mataki na ɗaya: ka mallaki asusunka

Lokacin da na fara wannan harka, zafin nama ya ɗebe ni. Na shiga saiti na cire asusun Google daga wayar a dare ɗaya, ina ganin na gama da su. Da safe na buɗe lambobi zan kira yayata, babu ko suna ɗaya. Lambobin shekara shida ne, da na abokan ciniki, da na mutanen garinmu, da ta wani dattijo da ya rasu wadda nake ajiye da ita don iyalinsa suna amfani da layin. Ashe lambobin ba a cikin wayar suke ba, a asusun suke, wayar nuna mini su kawai take yi. Maganin mai sauƙi ne da na san fasuwod, sai in sake shiga su dawo. Amma wani yaron shago ne ya buɗe mini asusun, ya sa lambar wani tsohon layina da na daɗe da yarwa, kuma kamfanonin waya sukan sayar wa wani layin da aka daɗe ba a amfani da shi. Har yau ban dawo da asusun nan ba.

Don haka ka yi wannan tun asusun yana kan wayar, domin wayar da ke hannunka ita ce babbar shaidarka a wurin Google. Ka buɗe myaccount.google.com, ka shiga sashen tsaro, ka duba lambar da aka sa ta dawo da asusu. Idan ba taka ba ce, ko ta layin da aka rufe lokacin haɗa NIN ce, ka sauya ta da wadda ke aljihunka yanzu. Sannan ka sauya fasuwod. In ba ka san tsohon ba, ka danna wurin da ake cewa an manta, sau da yawa saƙon tabbatarwa a kan wayar nan taka zai fito. Ka rubuta sabon a takarda da biro, ka sa a inda kake ajiye takardun fili ko na makaranta. Kada ka ɗauki hotonsa, kada ka tura wa kanka a WhatsApp.

Bayan ka sauya fasuwod, kada ka yi wa wayar wankin gaba ɗaya sai an kwana an wuni. Android yana da kariyar da ke kulle waya bayan an goge ta har sai an sa asusun da ke kanta a da, kuma sabon fasuwod yakan ɗauki awa 24 kafin wannan kariya ta karɓe shi. A gaskiya ma aikinmu ba ya buƙatar wanki, na faɗa ne don na san akwai masu saurin hannu.

Mataki na biyu: ka kwashe kayanka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu huɗu za ka fitar kafin ka goge ko da manhaja ɗaya.

Lambobi: a manhajar lambobi akwai wurin fitarwa, a Turancin wayar Export ake rubutawa. Zai ba ka fayil guda mai ƙarewa da vcf, ƙarami ne ƙwarai. Ka lura da inda ka zaɓa a kwaso, domin lambobin mutum ɗaya sukan rabu gida uku, wasu a sim, wasu a wayar, wasu a asusun Google. Ka fitar da kowanne. Sai ka tura fayil ɗin wata wayar ko kwamfuta ka buɗe ka ga sunayen da idonka. Na taɓa ganin wanda ya fitar da na sim kaɗai ya ɗauka ya gama.

Hotuna: nan ma akwai tarko irin na lambobi. Idan ka taɓa danna wurin rage cunkoson memori a Google Photos, to hotunan da kake gani da yawa sun bar wayar, suna can a intanet. Ranar da ka buɗe wata manhajar hotuna za ka ga rabi babu, hankalinka ya tashi. Ba su ɓace ba. Ka shiga takeout.google.com ka nemi a tattara maka su ka sauke. Wannan yana cin data sosai, ka jira inda akwai wayifai ko ka sayi datar dare. Kuma kada ka goge hoto daga cikin Google Photos da nufin cire shi daga intanet kawai, gogewar har ta cikin wayar take haɗawa.

WhatsApp: ajiyar hirarrakinka a Google Drive take, wato idan asusun ya tafi ita ma ta tafi. Tun 2021 akwai damar kulle wannan ajiya da fasuwod naka ko da makulli mai lamba 64. Ka kunna, ka zaɓi fasuwod, ka rubuta a takardar nan. Idan ka manta shi babu wanda zai buɗe maka.

Na huɗu ga masu amfani da Google Authenticator ne, manhajar da ke ba da lambobin tabbatarwa na shiga asusu. Ka bar shi a wurinsa har sai ka girka Aegis, takwararsa ta 'yanci, ka kwashe lambobin ta hoton QR da yake fitarwa, ka gwada shiga wani asusu da lambar Aegis ta yi aiki. Sai a lokacin za ka goge tsohon.

Inda za a ajiye duk wannan, katin memori ya isa, amma ka sayi na ƙwarai. Masu arhar nan da ake rubuta musu girman ƙarya sukan nuna sun karɓi fayil, ranar buƙata ka tarar da shi a lalace. Kwafi biyu a wuri biyu, wannan doka ce a wurina.

Mataki na uku: F-Droid

F-Droid shago ne na manhajojin 'yanci zalla, wani Bature ɗan Ingila mai suna Ciaran Gultnieks ya fara shi a 2010. Ba ya neman asusu, ba ya neman lambar waya. Babu shi a Play Store, duk abin da ka gani can da wannan suna ba shi ba ne. Ka rubuta f-droid.org da hannunka a burauza ka sauke daga nan. Kada ka karɓa daga wayar aboki, ko da amininka ne.

Wayar za ta ce ba a yarda burauzar ta girka manhaja ba. Ka ba ta izinin, ka girka, sannan ka koma ka janye izinin nan take. F-Droid ne kaɗai zai riƙe wannan izini daga yanzu. Buɗewar farko za ka ga shagon fayau, mutane da yawa a nan suke cewa ba ya aiki. Jerin manhajojin yake saukewa, ka ba shi 'yan mintuna.

Abin da ya fi burge ni da shi, idan manhaja tana da wani aibi, kamar talla ko bibiya ko dogaro da sabar wani kamfani, a shafinta ake rubutawa ƙarara kafin ka sauke. Ka riƙa karanta wurin.

Ga matsalar da ke sa sababbi su yi fushi. Kana da VLC daga Play Store, ka zo za ka girka ta F-Droid, wayar ta ce ba ta girku ba, babu wani bayani. Dalili shi ne kowace manhaja tana da hatimin wanda ya haɗa ta, kuma Android ba ya yarda a ɗora mai wani hatimi a kan mai wani. F-Droid yakan haɗa manhajoji da kansa ya buga nasa hatimin. Dole ka goge tsohuwar kafin sabuwar ta hau, gogewar kuma da duk abin da ke cikinta take tafiya. Don haka in manhajar tana riƙe da wani abu naka, ka fitar da shi tukuna. In kuwa tana aiki lafiya daga Play Store, ka bar ta, manhajar 'yanci ce ko daga ina ta zo.

Mataki na huɗu: ɗaya bayan ɗaya

Manhaja ɗaya a mako. Wanda ya sauya goma a rana guda, kafin Juma'a ya koma gidan jiya.

Ka fara da ta tura fayil, LocalSend. Babu talla ko ɗaya, tana aiki tsakanin waya da waya da kwamfuta muddin suna kan wayifai ko hotsifot ɗaya, ba ta cin data. Sharaɗinta dai ɗayan ma ya girka. Sai burauza: Fennec, wato Firefox na F-Droid, ka ƙara masa uBlock Origin mai toshe talla. Tallan da ba a sauke ba data ce ta rage maka, kuma za ka ga bambanci a ƙarshen wata. Hotuna da lambobi da kalanda, ka ɗauki na Fossify. Ka kula da sunan, domin asalinsu Simple Mobile Tools ne, aka sayar wa wani kamfani a ƙarshen 2023, sai masu sa-kai suka ɗauki rubutun suka ci gaba da sabon suna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka amfanin 'yancin da muka faɗa a sama.

Fossify Contacts yana da ma'ajiyar da sauran manhajoji ba sa gani. Tana da kyau ga lambobin da ba ka so kowa ya taɓa, amma kada ka zuba duka a ciki, don WhatsApp zai daina nuna maka sunaye sai lambobi tsirara.

Taswira, Organic Maps: ka sauke ta yankinku sau ɗaya, tana aiki ko babu sabis. A manyan hanyoyi ba ta da matsala, a lungunan unguwa kuwa ya danganta da yadda masu sa-kai na OpenStreetMap, taswirar da manhajar ke amfani da ita, suka zana wurin. Kibod, HeliBoard, ba shi da izinin shiga intanet sam, abin da ka rubuta a wayarka yake tsayawa. Kafin ka kashe tsohon, ka gwada ƙ da ɗ da ɓ ka ga suna fitowa yadda kake so.

Ragowar aikin na minti goma ne. Ka shiga saiti, wurin izini, ka bi lambobi da wuri da makirfo da saƙonni ɗaya-ɗaya, duk manhajar da ba ruwanta da abin ka janye mata. Tocila ba ta da abin yi da lambobinka. A saitin Google, sashen talla, ka goge lambar shaidar talla. Manhajojin da suka zo da wayar waɗanda ba sa goguwa, ka kashe su ka hana su tura sanarwa, amma kada ka taɓa Google Play services, manhajojin banki da sanarwar saƙonni a kansa suka dogara. Signal kuwa babu shi a babban jerin F-Droid, ka ɗauko shi daga signal.org ko Play Store, ka fara da mutanen gidanku. Asusun Google ka bar shi a wayar, ka kashe masa kwasar lambobi da tarihin wurare kawai, shi ma bayan ka sake buɗe fayil ɗin vcf ɗin nan ka tabbatar sunayen suna ciki.