Yadda Ake Karatun Ilimin Ƙera Sifika: Da Wane Littafi Za a Fara

Mai kiɗan biki zai sayo sifika mai inci 15 daga kasuwa, ya kai wa kafinta ya ce a yi masa akwati irin na wane. Kafinta ya auna da ido, ya yanka katako, ya huda rami biyu a gaba saboda haka ya ga ana yi. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuwa bes ya fito yana gunji kamar an kifa ganga a rijiya, sai a ɗora wa mai shago laifi a ce jabu ya sayar. Alhali girman akwatin nan da tsawon bututun ramin duk lissafi ne, kuma an gama rubuta lissafin fiye da shekara hamsin da suka wuce. Matsalar ita ce littattafan suna da yawa, duk da Turanci suke, kuma wanda ya fara da wanda bai dace da shi ba zai ajiye a shafi na goma. Don haka jerin da ake bi wajen karatun ya fi yawan littattafan muhimmanci.

Mataki na farko: ka san sautin kansa

Kafin maganar akwati, sai ka fahimci abin da ke fita daga cikinsa. Littafin da ya fi sauƙin shiga a nan shi ne Master Handbook of Acoustics na F. Alton Everest, wanda ya fara fitowa a 1981, daga baya Ken Pohlmann ya ci gaba da sabunta shi. Ba sai ka karance shi duka ba. Surorin farko sun ishe ka, kuma abu uku kake nema a cikinsu.

Na ɗaya, tsawon igiyar sauti. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne, a zafin bazara irin namu na digiri 40 kuwa yakan kai wajen mita 355. Ka raba wannan gudun da yawan kaɗawar sautin a daƙiƙa, wato Hz, sai tsawon igiyar ya fito. Sauti mai kauri na Hz 100 igiyarsa ta kusa mita uku da rabi, siriri na Hz 10,000 kuwa bai kai santimita huɗu ba. Daga nan kaɗai za ka gane abin da ya sa bes ke zagaye katanga ya iske maƙwabci a ɗakinsa, siririn sauti kuma sai wanda ke gaban sifikar.

Na biyu, desibel, wato ma'aunin ƙarar sauti. Ninka ƙarfin amfilifaya daga wat 100 zuwa 200 desibel 3 kacal yake ƙarawa. A fili kuma, duk lokacin da ka ninka nisanka da sifika, desibel 6 ke raguwa. Na uku, ka saba da karanta zanen da ke nuna yadda sifika ke amsa kowane sauti daga mai kauri zuwa siriri, domin duk littattafan da ke gaba da wannan zanen suke magana.

Mataki na biyu: littafi ɗaya na aiki, da sifika ɗaya a gabanka

Yanzu ka nemi Loudspeaker Design Cookbook na Vance Dickason. An sake buga shi sau da yawa, kowane bugu ka samu zai yi. Kamar littafin girki yake, ya ce ga abin da za ka auna, ga lissafin, ga abin da zai fito. Sai dai kada ka karanta shi hannu rabbana. Ka ajiye tsohuwar sifika a kan teburi, duk abin da aka ambata ka taɓa shi: maganaɗisun baya, naɗin wayar tagulla da ke motsi a cikinsa, kwalin da ke tura iska, da robar da ta kewaye bakinsa. Wannan tsarin bai canza sosai ba tun 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana shi.

A nan za ka haɗu da alƙaluman da ake kira Thiele-Small, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Neville Thiele injiniya ne ɗan Ostireliya. A 1961 ya buga takarda a mujallar injiniyoyin rediyo ta ƙasarsu, inda ya nuna cewa sifika a cikin akwati mai rami tana aiki ne tamkar matatar lantarki, wato da'irar da ke barin wasu sautuka su wuce ta tare wasu, don haka ana iya lissafa ta da dokokin da aka riga aka sani. Takardar ta yi shekara goma ba a san da ita sosai a waje ba, sai da mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta sake buga ta a 1971. Richard Small, Ba'amurke da ke jami'ar Sidni a lokacin, ya faɗaɗa aikin a jerin takardu a 1972 da 1973.

Uku daga cikin alƙaluman ne ginshiƙi. Fs shi ne sautin da sifika ke kaɗawa a kansa da kanta idan babu akwati. Qts yana nuna yadda take iya riƙe kanta ta daina rawa. Vas kuma yawan iskar da taurinta ya yi daidai da taurin robar sifikar, a lita. Ɗauki misali: sifika mai Fs 35, Qts 0.4, Vas lita 100, kana son rufaffen akwati. Yawanci ana neman Q na akwatin, wato abin da Qts ke komawa bayan an sa sifikar a ciki, ya tsaya a 0.707. Raba 0.707 da 0.4, ka sami 1.77. Ninka shi da kansa, wajen 3.12. Cire ɗaya, saura 2.12. Raba lita 100 da wannan, akwatinka lita 47 ne. Bes ɗinsa zai fara sauka daga wajen Hz 62, wato 35 sau 1.77. Ka yi wannan lissafin da biro sau biyar da sifikoki daban-daban kafin ka bar kwamfuta ta yi maka.

Rufaffen akwati nake ba kowa shawarar ya fara da shi, domin yana yafe kuskure. Edgar Villchur ne ya fito da martabarsa a 1954, da ya bar iskar da ke kulle a ciki ta zama ita ce ke mayar da kwalin mazauninsa. Akwati mai rami ya fi ƙara, shi ya sa masu kiɗa ke son sa, amma idan bututun ya kuskure sautin ya lalace, kuma ƙasa da sautin da aka saita ramin a kai babu abin da ke riƙe kwalin, sai ya yi ta fizga har ya yage.

Mataki na uku: koyi awo da wuri

Turawan da suka rubuta littattafan nan sun ɗauka cewa duk sifikar da ka saya tana zuwa da takardar alƙalumanta. A kasuwanninmu sau da yawa kwali ne kawai da aka rubuta wat dubu kaza a jiki, ko kuma sifika ce da mai gyara ya sake wa naɗi, wadda ko takardar asalinta ba ta yi mata daidai kuma. Saboda haka abin da wasu ke bari sai ƙarshe, kai ka jawo shi gaba.

Littafin wannan fanni shi ne Testing Loudspeakers na Joseph D'Appolito, na 1998. Ka fara da mitar gwajin lantarki ta masu gyaran rediyo: sifikar da aka rubuta om 8, wato ma'aunin turjiyarta ga lantarki, za ta nuna maka wajen 6, wannan ba matsala ba ce, haka take. Sai ka sauke manhajar REW, wadda John Mulcahy ya rubuta kuma kyauta ce. Da ita da katin sauti da rizisto ɗaya za ka zana yadda turjiyar sifikar ke hawa da sauka, tsinin da ya bayyana shi ne Fs. Ka liƙa wani ɗan nauyi da ka auna a jikin kwalin ka sake gwadawa, daga yadda tsinin ya matsa manhajar za ta fitar da Vas. Bayanin da ke cikin REW kansa makaranta ce, kada ka tsallake shi. Makirfon awo irin UMIK-1 na kamfanin miniDSP zai zo daga baya, lokacin da ka tara kuɗinsa.

Da ka sami alƙalumanka, manhajar WinISD za ta zana maka sakamakon kowane girman akwati. Masu son ƙahon sifika irin na masallaci da filin taro kuma manhajar Hornresp ce tasu, ta David McBean.

Mataki na huɗu: raba sauti

Sifika ɗaya ba ta iya ɗaukar kauri da siriri duka, shi ya sa ake haɗa wufa mai ɗaukar kauri da twita mai ɗaukar siriri, a sa da'irar da ke raba musu aiki. Dickason ya yi bayaninta, amma asalin abin da yawancin na'urorin yau ke bi yana cikin takardar da Siegfried Linkwitz ya buga a 1976, bisa aikin da suka yi da abokin aikinsa Russ Riley a kamfanin Hewlett-Packard. Linkwitz ya rasu a 2018, ya bar rubuce-rubuce masu yawa a intanet waɗanda kowa zai iya karantawa. Abin da za ka kiyaye shi ne lissafin littafi yana ɗauka sifika om 8 ce daga farko har ƙarshe, alhali ba haka take ba. Don haka ka zuba awonka na gaske a manhajar VituixCAD ka gwada a can kafin ka sayi kafasito ko ɗaya.

Mataki na biyar: ɗakin

Ga inda na fi ganin ana asarar kuɗi. A gina masallaci ko zauren taro, a shafe bango da ƙasa da tayil, a yi rufi mai tsawo, sannan a ce ba a jin liman, a ƙaro sifika huɗu. Sau da yawa ƙarin sifika ƙarin amsa-kuwwa ne kawai.

Wallace Sabine ya fara binciken wannan tun 1895, da aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca a jami'ar Harvard da ba a jin magana a cikinsa. Da dare yake aiki, da bututun busa da agogo, yana kwaso matasan kujeru daga wani zaure yana shimfiɗawa yana auna daƙiƙun da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Dokar da ya fitar gajeriya ce: ninka girman ɗaki da 0.161, ka raba da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa. Zaure mai tsawon mita 20, faɗi 15, tsayi 6, idan ka ninka ukun da juna girmansa 1,800 ne. Idan abin da ke shan sauti daidai yake da murabba'in mita 100 mai shanye sauti gaba ɗaya, amsa-kuwwa za ta kai kusan daƙiƙa 3, kalma na hawa kan kalma. Ka kai shi 250 da kafet mai kauri da labule da silin mai laushi, ta sauko kusa da daƙiƙa ɗaya, inda magana ke fita tas. Teburan da ke nuna abin da kowane kayan gini ke shanyewa suna ƙarshen littafin Everest, yanzu lokacin komawa gare shi ya yi.

Daga nan sai Sound Reproduction na Floyd Toole, wanda ya fara fitowa a 2008. Toole ya yi shekaru a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada, sannan ya koma kamfanin Harman, yana sa mutane sauraron sifikoki a bayan labule ba tare da sun ga suna ko farashi ba. Ya gano cewa idan ido bai gani ba, yawancin mutane abu ɗaya suke zaɓa: sifikar da ba ta fifita wani sauti a gabanta, kuma sautin da take watsawa gefe bai yi tsalle-tsalle ba. Idan kuwa an ɗage labulen, hukunci ya canza. A ganina wannan ne littafin da ya fi kowanne raba mutum da camfin 'yan kasuwa. Wanda aikinsa na fili ne, biki ko wa'azi ko gangami, ya haɗa da Sound Reinforcement Handbook na Gary Davis da Ralph Jones, wanda aka rubuta wa kamfanin Yamaha. Ya tsufa ta fuskar na'urorin zamani, amma bayaninsa kan haɗa waya da daidaita ƙarfi da maganin kukan makirfo yana nan daram.

Mataki na shida: manyan littattafai

Acoustics na Leo Beranek, 1954, da Acoustical Engineering na Harry Olson, 1957, su ne rijiyar da sauran suka ɗebo ruwa. Lissafinsu na jami'a ne, kuma wanda bai yi karatun da'irar lantarki ba zai sha wuya. Ba a karanta su daga bango zuwa bango. Sai tambaya ta taso wadda Dickason ya ba ka amsarta bai faɗi dalili ba, sannan ka buɗe su. Haka ma takardun Thiele da Small na asali, suna rumbun AES, mamba na karantawa, wanda ba mamba ba yana biyan kuɗin kowace takarda. Takardun mallakar fasaha kuwa kyauta ne a Google Patents, har da zanensu, kuma ta Villchur da aka amince da ita a 1956 tana cikin masu sauƙin fahimta.

Duk tsawon wannan karatu ka riƙe littafin rubutu guda. Kowace kalmar Turanci da ta tare ka, rubuta ma'anarta da Hausarka yadda za ka faɗa wa yaron shago. Kowane akwati da ka haɗa, rubuta girman cikinsa bayan an cire gurbin da sifikar da katakan ƙarfafawa suka cinye, da abin da lissafi ya ce, da abin da awo ya nuna. Na farkon ka yi shi da katako mai arha, ka ɗaure bangon baya da sukurori maimakon gam, yadda za ka iya buɗewa ka jefa bulo ɗaya ko biyu a ciki don rage girman, ka rufe, ka sake aunawa.